Safiyar da Na Bar Zaman Makokin Baba

Da sunan Allah nake ci gaba da wannan rubutu, kuma a duk abin da na rubuta muku babu wanda na daɗe ina kauce wa kamar wannan. Nafisa, ke ce kika tilasta ni. Ranar da kika dawo daga bikin 'yar Kawunku Lawali a Maradun, kin zauna a bakin gadona kina warware ɗankwali, kika tambaye ni ko gaskiya ne abin da kika ji mata suna faɗa a tsakar gida, wai uwarki ta tashi daga tabarmar makokin mahaifinta ta tafi wurin aiki tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Na ce miki gaskiya ne, na kuma ce ki je ki ci abinci. Ba rashin amsa ya sa na sallame ki ba. Amsar ce take da tsawo, kuma akwai wani a cikinta da ban so in taɓa ba yana raye. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, ni kuma idona ya fara gajiya da takarda, don haka ga ta nan, ke da Mustafa da Halima.

A shekarar ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti a Talata Mafara. Mu biyu ne a ɗakin. Abokin aikina dattijo ne mai haƙuri, ya ƙware wajen duba jini don zazzaɓin cizon sauro da fitsari da bayan gida, amma renon ƙwayoyin cuta ni kaɗai aka tura na koyo. Ina kuma neman ƙarin karatu a lokacin, kuma dole sai na yi bincike na rubuta. Ban sha wahalar zaɓen abin da zan bincika ba, domin kullum yana gabana. Ciwon haƙarƙari, wanda likitoci ke kira namoniya, ba ya ƙarewa a ɗakin yara. A kawo yaro jiki kamar wuta, haƙarƙarinsa na lotsawa in ya ja numfashi, a yi masa allura iri ɗaya da ta na kusa da shi, wannan ya tashi, wancan a fita da shi a naɗe cikin zane. Na so in san dalili. Littafi ya ce ba ƙwaya ɗaya ke kawo ciwon ba, kuma ba kowace ke jin kowane magani ba, amma littafin ba a garinmu aka rubuta shi ba. Na so in ga namu da idona, na Mafara da Bakura da Maradun.

Yadda ake aikin shi ne, a karɓi kakin babba, ko a ɗebi ɗan jinin yaro tunda yara ba su iya kaki ba, a shafa a kan wani abinci mai kama da daskararren kamu a cikin ɗan farantin gilashi, a ajiye a akwatin ɗumi ya kwana. Da safe, in akwai ƙwayar, sai ka ga ta tsiro ɗigo-ɗigo. Daga nan a sake shafa ta a sabon faranti, a jera ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna daban-daban a kai, a sake barin ta ta kwana. Maganin da ya fi ƙarfinta, za ka ga fili ya zagaye takardarsa, ba ta kusance shi ba. Wanda ta raina kuwa, har jikinsa take tsirowa. Matsalata ita ce babbar ƙwayar da nake nema 'yar gayu ce. Ba ta cin abincin sai an gauraya shi da jini, kuma na tunkiya ta fi so. Ba ta son iska sosai, sai na sa farantan a babbar kwalba na kunna kyandir a ciki na rufe har ya mutu da kansa. In kuma aka bar ta ta wuce lokacinta, narkewa take yi, aikin kwana uku ya tafi a banza.

Jinin tunkiyar nan shi ya shigo da kakanku cikin aikin. Baba manomi ne a Bakura, mai 'yan tumakinsa a bayan gida. Bai taɓa zama a aji ba, amma shi ya tsaya kai da fata na yi karatu lokacin da 'yan'uwansa suke ganin asara ce. Wata Juma'a na je gida, na same shi a gindin darbejiya yana gyaran igiya, na yi ta zagaye-zagaye kafin na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ajiye igiyar ya dube ni.

"Mi za ki yi da jinin tunkiya, Asma'u? Ko aikin asibitin ya koma na bokaye?"

Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara har ƙarshe, ya tambaya ko sai an yanka ta, na ce a'a, kaɗan za a ɗiba a jijiyar wuya, ko ciwo ba za ta ji sosai ba. Ya yi dariya har yana riƙe gwiwa.

"To ita cutar ma sai an yi mata girki kafin ta nuna fuskarta. Zo ki zaɓa."

Bai bar ni na zaɓa ba, shi ya zaɓa: wata farar tunkiya mai baƙin kunne, wadda ya ce ta fi sauran natsuwa. Daga ranar ya ware ta, ya ƙara mata dusa da harawa, ya hana a ba ta kowane magani sai an tambaye ni. Duk bayan 'yan makonni nakan zo da sirinji da kwalba, shi ya riƙe ta yana shafa bayanta yana yi mata magana kamar mutum, yana ce mata ta yi haƙuri, ma'aikaciyar gwamnati ce ita yanzu. Inna takan leƙo daga madafa ta ce mu biyun babu mai hankali a cikinmu. Wata Talata da ya shigo kasuwar Mafara ya biyo ta wurin aikina. Na zaunar da shi a kujerata, na daidaita masa madubin likita, na ce ya rufe ido ɗaya. Ya daɗe yana kallo. Ƙwayoyin suna nan bibbiyu, shuɗi-shuɗi, kowace manne da 'yar'uwarta.

"Wanga ɗan mitsitsin abu shi ka kada ƙato?"

Na ce shi ne. Ya ɗago, ya goge idonsa da bakin riga, ya yi tasbihi a hankali, sannan ya ce in sake nuna masa. Daga baya na ji yana ba abokansa labari a ƙofar masallaci cewa ya ga ciwon haƙarƙari ido da ido, kuma da abincin gidansa aka yaudaro shi.

Sai in gaya muku wane ne Kawunku Lawali a wurina, domin ku kun taso kun tarar da mu muna gaisawa kamar maƙwabtan da ba su saba ba. Shi ne babba a ɗakinmu. A kan kekensa na fara zuwa makaranta, ina zaune a gaba yana riƙe ni da hannu ɗaya. Da ya girma ya koma Maradun yana sayen gyaɗa da gero yana sayarwa. A cikinmu duka babu wanda ya kai shi son Baba. In Baba ya yi tari a Bakura, Yaya Lawali sai ya baro rumfarsa.

Da tsakiyar damina aka yi wa Yaya haihuwa, Baba ya tafi Maradun suna. Ruwa ya kama su a hanya a bayan buɗaɗɗiyar mota, ya isa a jiƙe. Kwana biyu da suna zazzaɓi ya rufe shi, sai tari, sai suka a gefen ƙirji kamar ana soka masa tsinke. Yaya ya ce a aiko mini, Baba ya hana. Ya ce ina da aiki, ga ƙananan yara, kada a tayar mini da hankali a kan mura. Yaya ya yi abin da kowa yake yi a lokacin, har yau ma ana yi. Ya je kemis ya faɗi alamun, aka ba shi kafso mai ja da rawaya, ya dawo ya riƙa ba Baba da hannunsa safe da rana da yamma, ko sau ɗaya bai tsallake ba. Ya rufe rumfarsa, ya sa aka yanka kaza aka yi romo, shi yake kai shi bayan gida. Kwana biyar yana jiran maganin ya kama. A rana ta shida, da ya ga leɓen Baba ya canza launi, ya daina jin maganarsa, ya nemo mota.

Ranar Talata ce, gari ya cika da 'yan kasuwa. Ina tsaye a tagar ɗakin gwaji na hango Yaya ya rungumo mutum kamar yaro, ban gane Baba ba ne sai da na ga hular. Aka kwantar da shi, likita ya saurari ƙirjinsa ya rubuta allura. Kafin ma'aikaciyar jinya ta gama haɗa allurar, na kawo 'yar kwalba na durƙusa na ce Baba ya yi ƙoƙari ya yi mini kaki. Ba a jinkirta masa magani ko na ƙiftawar ido saboda ni ba, ina so ku san wannan, domin shi ma an faɗa. Amma Yaya ya gani, kuma ransa ya ɓaci. Ya ce mutum yana fama da numfashi ni kuma kakinsa nake nema. Baba ya ɗaga hannu da ƙyar.

"Bar ta ta yi aikinta, Lawali."

Kakin ya fito da launin tsatsa. Na san abin da hakan yake nufi tun kafin in kai shi ɗaki.

A ɗakin yara, bango ɗaya tsakaninsu da Baba, akwai wata yarinya Hajaru, ba ta wuce shekara uku ba. Uwarta Bafulatana ce daga wajen Janbako, ta goyo ta cikin taɓo har inda suka sami babur. Sun riga Baba zuwa da kwana biyu. Ana ta yi wa yarinyar allurar da aka saba amma zazzaɓin bai sauka ba, kullum ƙara shiga take yi. Uwar ba ta da yawan magana. Duk sanda na wuce sai ta bi ni da ido, domin ta ga ni na ɗebi jinin 'yarta, kuma a ganinta wanda ya ɗebi jini shi ke riƙe da amsa.

Da safiyar Laraba na buɗe akwatin ɗumi na tarar farantan biyu duka sun tsiro. Na Baba ita ce wadda na nuna masa a madubi, ɗigo-ɗigo da ɗan kore a gefe, kuma ta fito da yawa. Wannan ba alama mai kyau ba ce, domin mutumin da ya sha magani kwana biyar, in maganin yana aiki, sau da yawa ba a samun komai a farantinsa. Na Hajaru kuwa wata ce daban, manya-manya, masu ruwan zinariya. Na shafa kowace a sabon faranti, na jera takardun magani, na rufe, na tafi wurin Baba. Na same shi an jingina shi da matashi, Yaya yana yi masa fifita. Idonsa biyu, hankalinsa garau.

"Kin gan ta?"

"Na gan ta, Baba."

"Irin wadda kinka gwada mini?"

"Ita ce."

"To, mun san juna ke nan."

Ya yi ɗan murmushi, ya huta, sannan ya tambaye ni ɗiyar wa ce take kuka a bayan bango, domin tun jiya yake jin ta. Na ba shi labarinta, na ce gobe da safe in Allah ya kai mu zan san maganin da ya dace da ita. Ya lumshe ido ya ce to kada in makara. Ba zan yi muku ƙarya in ce wasiyya ce ba. Haka yake ce mini tun ina 'yar firamare, duk sanda na ce gobe ina da wani abu. Mai yiwuwa bakinsa ne kawai ya saba. Amma ita ce magana ta ƙarshe da ya yi mini ni kaɗai.

Bayan azahar numfashinsa ya canza. Yaya yana riƙe da kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada, ni ina riƙe da ƙafarsa, har ya cika. Aka kai shi Bakura, aka yi masa sutura, aka rufe shi kafin magariba. Abin da ya faru a wannan yinin ba na iya tuna shi a jere. Na dai tuna Inna zaune a ƙofar ɗakinta da carbi, ba ta kuka, tana ta tambayar ko an ba tumaki ruwa.

Da na idar da sallar asuba ranar Alhamis, ina zaune a kan sallaya, sai yarinyar ta faɗo mini a rai. Farantinta yana can a rufe, lokacin buɗe shi ya yi, kuma a duk asibitin babu mai iya karanta shi sai ni. Abokin aikina ko ya buɗe, bai san abin da zai auna ba. In na bari sai an share makoki, kwana uku ke nan ana yi mata allurar da nake zargin ba ta yi mata komai, kuma yadda na bar ta ban ga alamar tana da kwana ukun ba. A ɗaya gefen kuma na san mece ce safiyar farko ta makoki a gidanmu. Nan ne dangi na nesa suke isowa, kowace mace ta shigo ta nemi 'ya'yan mamaci ɗaya bayan ɗaya ta yi musu gaisuwa, kuma ni kaɗai ce mace a ɗakinmu. Wurina a gefen Inna yake. Na matsa kusa da ita na faɗa mata komai cikin raɗa. Ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce in ɗauki mayafinta mai kauri, garin akwai sanyin ruwa.

Babanku ya fito da babur ya tsaya daga nesa da ƙofar gida. A zaure na ci karo da Yaya Lawali yana shimfiɗa tabarmi. Ya dubi mayafin, ya dubi takalmina.

"Ina za ki?"

"Mafara, Yaya. Akwai yarinyar da zan duba wa sakamako. Kafin azahar na dawo."

"In mutane sunka zo, mi zan ce masu?"

"Ka ce na je asibiti."

Ya miƙe tsaye da tabarma a hannunsa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Asma'u, uban namu bai kai faranti ba?"

Na raɓa ta gefensa na fita. A kan babur, sau ɗaya babanku ya miƙo hannu baya ya gyara mini mayafin da iska ke ja.

Na Hajaru na fara buɗewa. Kamar yadda na yi zato, ƙwayar ta tsiro har jikin takardar allurar da ake yi mata, amma akwai wasu magunguna biyu da fili ya zagaye su sosai, kuma ɗaya muna da shi a asibitin. Na auna, na rubuta, na kai wa likita da kaina. Ya yi mamakin ganina, ya fara yi mini ta'aziyya, na ce ya fara karanta takardar. Nan take ya canza maganin. Da na dawo ɗaki na wanke hannu, na ɗauki mayafi zan fita, sai na ga ɗaya farantin. Na yi niyyar in bar shi. Mai shi ya riga ya tafi, babu wanda sakamakon zai amfana. Amma hannuna ya riga ya ɗauka.

Takardar maganin da ke cikin kafso mai ja da rawaya, ƙwayar ta lulluɓe ta ko'ina, ko siririn fili babu. Takardar allurar da aka fara yi masa ranar Talata kuwa, fili ne mai faɗi kewaye da ita, tas kamar an share. Wato maganin Baba yana nan a asibitinmu tun ranar da ya fara tari, mai araha, wanda muke yi wa mutane kullum. Kwana biyar ɗin nan ne suka tafi da shi. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da haka a ranar kamar yadda na yi a yau. Amma ni ce na ga farantin. Na zauna a ƙasan ɗakin, na jingina da akwatin ɗumi, a nan na yi kukan da ban yi ba a Bakura. Da na gama na rubuta sakamakon a littafin bincikena a ƙarƙashin lamba, ba suna, kamar na kowa.

Na koma kafin azahar kamar yadda na ce, amma magana ta riga ta zagaya. Gwaggona, ƙanwar Baba, ta ce a gaban mata dama ta faɗa tun farko, boko yana busar da zuciya. Wasu suka amsa gaisuwata da ka kawai. Wannan bai dame ni ba kamar na Yaya. Bai sake tayar da maganar ba, amma ya janye. In na gaishe shi ya amsa a taƙaice, ya tambayi yara, ya tashi. Da aka haifi Halima bai zo suna ba, matarsa ya turo. Ranar sadakar arba'in ya faɗi wata magana a gaban kawunnanmu, cewa wasu sun yi jinyar Baba, wasu kuma sun yi karatu a kansa. Wallahi amsar ta zo har bakina. Jimla ɗaya ce, kuma da na faɗe ta da babu wanda zai sake ɗaga mini ido. Na dubi hannunsa, hannun da ya yi kwana biyar yana ɗaga kan Baba yana ba shi kafson nan da bismillah, na haɗiye. Bai yi sakaci ba. Ya yi iyakar abin da ya sani, ya kuma bi umarnin mahaifinsa. Da ni ce ban yi karatu ba, abin da zan yi ke nan. Na ga gara ya riƙe ni da fushi da ya riƙe kansa da wannan. Babanku kaɗai na gaya wa, shi ma ya tafi da shi kabari.

Hajaru ta tashi. A kwana na uku da canza magani zazzaɓin ya sauka, bayan mako biyu aka sallame su. Uwar ta tsaya a ƙofar ɗakin gwaji da yarinyar a baya, ta yi mini doguwar gaisuwa rabi Hausa rabi Fulatanci, ta tafi. Ban sake ganinsu ba, ban san inda rayuwa ta kai su ba, balle yanzu da hanyoyin can suka zama abin da suka zama. Binciken kuma na gama shi bayan shekara guda. Ba wani abin da duniya ba ta sani ba na gano. Na dai tabbatar wa likitocinmu cewa a nan ma ƙwayoyin iri-iri ne, wasu sun daina jin magungunan da aka fi saye a kemis, kuma jinkiri ya fi komai kashe mana mutane. Bayan haka na riƙa roƙon a ba ni ɗan lokaci ranar awo, a Mafara da Bakura da Maradun, in tsaya gaban mata in ce musu in numfashin yaro ko tsoho ya yi sauri, gefen ƙirji yana suka, kada a tsaya gwada kafso a gida. Nakan ɗaga mai ja da rawaya in nuna. Ban taɓa ambaton sunan kowa ba.

Haka muka yi shekaru masu yawa ni da Yaya, har furfura ta cika masa gemu, ni kuma na kusa ajiye aiki. Wata rana da hantsi aka yi sallama, na leƙa na gan shi tsaye da sanda. Ya zo asibiti duba hawan jini, ya ce bari ya biyo. Rabon da ya shigo gidana shi kaɗai har na manta. Na shimfiɗa masa darduma a inuwa, na dama fura na kawo, muka yi gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta gona da ta jikoki, har ta ƙare. Yana juya ludayi a cikin kwano ya yi magana, bai dube ni ba.

"Ranar da kinka tahi Mafara, kin duba na Baba?"

Na ce na duba. Ya tambaye ni abin da na gani. Na ce ciwon ya riga ya yi nisa kafin a kawo shi, wanda kuma gaskiya ne. Ya girgiza kai a hankali.

"Ba shi ke nan ba. Na daɗe da sani, Asma'u."

Ashe tun shekara biyu da rasuwar Baba, matar Yaya ta je awo a Maradun, ta dawo tana ba shi labarin abin da na faɗa wa mata, har da launin kafson. Ya ce yana jin haka ya ajiye abincin da yake ci. Ya lissafa kwanakin da kansa, ya gane abin da na gani, ya kuma gane na sani tun ranar arba'in da ya yi mini waccan magana.

"Da farko fushi ne, ba ni musu. Amma daga baya kunyar idonki nike ji. In na gan ki sai in ga kin sani, kuma kin yi shiru."

Na ce masa bai yi laifi ba, na faɗa masa duk abin da na rubuta muku a nan game da hannunsa da kwana biyar ɗin. Ya saurara, hawaye yana bin gemunsa, ni ma ban iya riƙe nawa ba. Mu biyu, tsofaffi, zaune a tsakar gida, kowa ya kwashe shekaru yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu ɗaya. Bayan wannan rana ya yi damina biyu a duniya, kuma duk zuwan da zai yi Mafara a gidana yake cin abincin rana. Ku kun riga kun watse makarantu da gidajenku, shi ya sa ba ku ga wannan ba.

Da la'asar ta yi na raka shi bakin titi ya hau mota. Muna tsaye muna jira, ya dogara da sandarsa, sai ya juyo kamar wanda ya tuna wani abu da ya daɗe yana son tambaya.

"Ita ɗiyar da kinka je dominta, ta tashi?"

"Ta tashi, Yaya. Da ƙafarta ta fita."

Ya gyaɗa kai.

"To alhamdu lillahi," ya ce. "Da na hana ki, da biyu ke nan a wuyana."

Mota ta tsaya, na riƙe masa sandar har ya zauna, sannan na miƙa masa ta taga.